Kazar Da Na Cinye Wa Mamaci

Ni mutum ne da ko a gidan makoki sai na sa wani ya ƙunshe dariya, amma akwai abu ɗaya da har yau na kasa mayar da shi wasa.

A unguwar Al Muntazah, can ƙasar Larabawa, na yi zaman gida ɗaya da wani ɗan ƙasar Biyetnam, mai walda a kamfanin ginin da nake tsaron sito a birnin Lusail. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Shi ya koya mini kallon fina-finan fatalwa na ƙasarsu, ni kuwa in yi ta tsokanarsa: "Kai, fatalwarku ba ta da mataji ne? Kullum gashi a fuska!" Sai ya ce, "Babban yaya, wannan fim ne. Matattunmu ba tsoro suke ba mu ba, yunwa suke ji." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, rana ta gasa ni har ina jin ƙaurin kaina. A falo na tarar da ɗan tebur: hoton wani tsoho, dafaffiyar kaza, shinkafa, lemo uku, ga turaren tsinke yana hayaƙi. Abokin zamana yana wanka, na ƙwala masa kira, "Malam, wannan shagalin fa?" Ya amsa daga ciki, "Na babana ne. Yau shekararsa guda da rasuwa."

To, a garinmu abincin da aka yi don mamaci sadaka ne, wanda ya ci ma taimako ya yi. Na yi bismilla. Kafin ya fito, kazar nan ta zama tarihi.

Ya tsaya da tawul a wuya. Ya dubi ƙasusuwan, ya dubi turaren da ko rabi bai ci ba.

"Baba bai gama ci ba," ya ce a hankali. "Sai turaren ya ƙare, sannan mu mu ci."

Ashe aiki bai sake shi ya je jana'izar ba. Wannan ne karon farko da ya ciyar da uban nasa, kuma a wurinsu ranar sau ɗaya take zuwa a shekara.

Na ruga waje na sayo kaji biyu da lemo kwali guda. Ko da na dawo, turaren ya zama toka.

"Khalas, an gama, babban yaya. Ya tafi."

Na san mamaci ba ya cin kaza. Amma ni ma a waya aka gaya mini an binne mahaifiyata, don haka na san abin da na cinye masa. Na rantse masa baɗi ni zan dafa, in kuma tsaya gadi da sanda kada wani maciyi irina ya matso. Murmushi kawai ya yi.

Kwangilarsa ta ƙare kafin ranar ta zagayo, ya koma gida. Da ta zo, na dafa kazar duk da haka, na sauka na miƙa wa masu gadin gininmu. Ko tsoka ɗaya ban iya kaiwa baki ba.