Turancin Ladan Tela

Duk wanda ya tashi a Kebbe ya san Ladan tela, mutumin da ya fi kowa Turanci a garin, bai kuwa taɓa cin moriyarsa ba.

Ido ne ya sa shi koyo. Gab da samun 'yancin kai kafar allura ta fara ɓace masa, ga shi da allurar yake ci da iyali. Akwai wani likita Bature da kan zo rangadi Tambuwal shekara-shekara, amma Ladan bai yarda da tafinta ba. Ya taɓa ganin wata tsohuwa ta zuba bayanin ciwonta tiryan-tiryan, tafinta ya dunƙule shi a kalma biyu. Sai ya rantse da bakinsa zai faɗi nasa.

Ya liƙe wa Malam Namadi na elemantare, ya hana shi sakat.

"Malam, mi aka ce ma hazo-hazo? To, yaji-yaji hwa? A'a, ba na littafi nika so ba, yadda suka faɗi tsakaninsu."

Har malamin ya koma sake hanya in ya hango shi. Amma Ladan ya iya, ya haddace bayanin idonsa tsaf.

Ranar da likita ya zo, Ladan ya hau jaki ya tafi Tambuwal, ya shiga layi. Likita ya iso kansa, ya tambaye shi da Turanci yaya yake ji.

To, Ladan ɗan mutunci ne. Wa zai tari baƙo da kuka tun ba a gaisa ba? Ya ce lafiya lau. Ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi iyali, duk da Turanci gangariya. Likita ya ji daɗi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce lafiyayyu su ba marasa lafiya wuri, ya wuce gaba. Ladan ya koma gefe yana jiran a dawo a shiga magana, har motar likita ta tashi.

Kafin shekara ta zagayo likita ya koma ƙasarsu. Idon ya ƙarasa rufewa, aka jingine keken ɗinki. Abin ya ba kowa tausayi, amma Ladan bai taɓa yarda ya yi kuskure ba.

"Turancina ba shi da laifi," yakan ce. "Mutumin na ba shi da tarbiyya."

Har ya rasu, in ka zauna da shi zai karanta maka bayanin idon nan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Sai dai sai kun gama gaisawa.