Darmar da ta maƙale a bindigar maƙwabcina

Shekarar da birai suka addabi masarar da na shuka ta wajen Arikya, na ari bindiga a hannun maƙwabcina na unguwar Bukan Sidi, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon. Ta mahaifinsa ce, irin mai karyewa a tsakiya, kuma ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa ta. Da zai miƙo mini ya ce, "Malam, kai ne kawai. Ka dawo da shi yadda ka karɓa." Ya haɗo mini da harsashi shida.

Shidan suka ƙare, birai ba su ƙare ba. Na ji nauyin komawa roƙo, sai na karɓi na cikon gida a wajen wani mafarauci, waɗanda aka narka darmarsu daga tsohon batirin mota. Ban san tana da laushi haka ba. Ranar da na karya bindigar zan goge, na ɗaga bututun sama ina leƙawa, sai na ga cikinsa ya dushe. Darma ta shafe shi kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Na fara da tsumma da man keken ɗinki. Tsumman ya fito baƙi, darma tana nan. Na toshe bakin na zuba kananzir, na jingine ta ta kwana. Darma tana nan. Na gwada ruwan zafi da sabulu. Ni da na tashi ina wanke allo, na saba duk abin da aka rubuta ruwa yana ɗauke shi, sai ga abin da ruwa bai dame shi ba. Kwana uku ina zaune gindin mangwaro, daga azahar zuwa la'asar, hannuna duk warin kananzir, har tawadar da nake rubutu ta ɗauki warin.

Maiɗakina ta wuce da tire ta ce, "Malam, mai abin nan yana jin tarinka daga gidansa. Ka kira shi mana."

Na ce ta bar ni. A raina, ina so in mayar da amana ba tare da an san ta taɓa samun aibi ba. Da yamma kuwa dattijon ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Birai sun tuba?" Na ce, "Saura kaɗan, Baba." Allah Ya yafe mini wannan amsa.

Rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Na sami guntun rodi, na wasa bakinsa a kan dutse, na yi bismilla na shiga kankara. Darma ta fara zubowa siri-siri, har na yi hamdala. Da na sake ɗaga bututun ga hasken rana, sai na ga dogayen karce tun daga sama har ƙasa. Na goga, na sake gogawa, kamar gogawa za ta mayar da ƙarfen da na cire.

Na kai wa dattijon bindigarsa na faɗi duk abin da ya faru. Ya ɗauko tsohuwar wayar lantarki ya fere, ya naɗa jan ƙarfen a jikin siririn itace, ya tsoma a kananzir, ya zura cikin bututun yana murzawa. Kafin in gyara zama sau biyu ya fitar da sauran darmar tas.

"Darma ba komai ne ba, Malam," in ji shi. "Babana ma yana yi masa haka. Jan waya ya fi darma ƙarfi, amma bai kai bindiga ba." Ya leƙa bututun ya daɗe. "Wannan karcen kam ba wanda zai cire."

Na ce zan nemi maƙeri. Ya girgiza kai, ya naɗe ta a buhu ya shige ɗaki da ita. Na zauna a kan benci ina jira ya fito ya yi mini faɗa, don da faɗan zai fi mini sauƙi. Ya fito hannu wofi, ya tambaye ni lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi wa baƙo, sannan ya rako ni har bakin ƙofa.