Na Kai Hoton Ƙwaƙwalwar Yaya Jiratawa

Ana sallame asuba muka bar Sabon Garin Maraɗi, ni da wani abokina, tsohon ma'aikacin asibiti, cikin motarsa da sai an tura take tashi. Na rungume wata babbar ambulan. A ciki akwai hoton ƙwaƙwalwar yayana da aka ɗauka a Yamai, da bayanin lokotoro, wato likita, da bai daɗe da isowa ba. Jiratawa muka nufa, inda Yaya ya yi shekaru yana rabon ruwa a gonakin rani.

Maraɗi babu daɗi kwanakin nan. Rikicin siyasa ya sa rabin shaguna a rufe, ga tokar tayoyin zanga-zangar jiya a kan kwalta. 'Yan kabu-kabu sun ninka kuɗin hawa, mai ƙosai kuma ta bar farashi yadda yake, ta rage ƙosan ya koma kamar gurjiya. A bakin gari wani jandarma ya buɗe ambulan ɗin, ya ɗaga hoton sama yana juyawa. "Wanga kan wa ne?" Abokina ya ce kan da bai shiga kowace jam'iyya ba ne. Jandarman ya yi dariya ya ɗaga mana igiya.

Jiratawa kore shar. Albasa, barkono da zogale sun jeru a bakin hanyoyin ruwa na siminti. Amma manoma ba sa gona, sun taru ƙarƙashin bishiyar bedi, kuma a kan Yaya aka taru. Sau biyu ya saki ruwa ga ɓangare guda ya manta da ɗayan, har dashen albasa ya ƙone. Akasarin waɗanda abin ya shafa ba 'yan jam'iyyarsa ba ne, don haka suka ce da gayya ya yi. Na same shi zaune a gefe da sandarsa. Kowa ya san yana jan ƙafar hagu, sai dai wani dattijo da albasarsa ta ƙone ya ce, "Ƙahwa ke mashi ciwo, ba kai ba."

Abokina ya nemi izini ya miƙe. Ya ce ciwon nan jiki ne da kansa ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, shi ya sa ƙafa ta yi nauyi. Amma bai tsaya nan ba. Ƙwaƙwalwa tana da ɓawo a samanta, a nan mutum ke riƙe magana, ya tsara abin da zai yi, ya tuna abin da aka faɗa masa da safe. A hoton Yaya ɓawon ya fara sirancewa, kuma lokotoro ya rubuta cewa akwai tabon da na'urar ma ba ta iya nunawa. Iyakar yadda ɓawon ya lalace, iyakar yadda tunani ke yin jinkiri. Mutum na nan da hankalinsa, yana sallah, yana gane kowa, amma abu biyu a lokaci guda sai su fi ƙarfinsa.

Dattijon bai gamsu ba. Ya ce to Yaya ya faɗi juyin ruwan yau. Yaya, wanda a da yake zuba sunayen masu gonaki ba tare da duba takarda ba, ya kawo uku daidai. Sai wani babur ya wuce da ƙara. Yaya ya tsaya. Ya sake farowa, ya kawo biyu, ya maƙale. Gumi ya keto masa. Can ya ce, "Ina ganin gonakin a idona. Sunayen ne ba su zuwa." Ya zaro makullan ƙofofin ruwa daga aljihu ya ajiye kan tabarma. Dattijon ya ce, "Malam, ka yahe mani zagin da na yi ma. Amma albasata ta tahi."

Da azahar muka ɗauki Yaya zuwa Tibiri, gidan Inna, mahaifiyarmu. Dole muka sake ratsa Maraɗi cikin tsakar rana, kuma zafi na tayar da ciwon. Kafin mu fita gari ya ce idonsa na dama ya yi hazo. Muka tsaya na sayi ƙanƙara a leda, na ɗora masa a wuya. Sau uku ya tambaye ni ko ya rufe ruwan ɓangaren gabas.

Inna ta tarye mu da fura da kwaɗon zogale, wanda ba mu ci na kirki ba. Ta saurari abokina har ƙarshe, sannan ta tambaya, "Yana warkewa?" Bai ɓoye mata ba. Ya ce ba a warkewa, akwai maganin da ke rage masa gudu, amma samunsa a ƙasar nan da wuya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tashi ta share ɗakin da ya fi sanyi, ta shimfiɗa wa Yaya tabarma.

Da na shiga sallama, Yaya ya fara wata magana ta maƙale. Na yi saurin ƙarasa masa, kamar yadda na saba. Ya riƙe hannuna. "Ka daina. Ka jira ni, ina zuwa." Na zauna na jira. Abin da yake son faɗa shi ne in gaida matata.

Mun shigo Sabon Gari ana kiran magariba. Duk hanya manoman Jiratawa nake zargi a raina, har na tuna cewa shekara biyu ina ce wa matata Yaya ya zama mai girman kai, ana yi masa magana ba ya amsawa. Su sun ɗora wa siyasa, ni na ɗora wa hali, alhali ɓawon ƙwaƙwalwarsa ne ke ƙarewa a gabanmu. Dattijon ya nemi gafara a bainar jama'a. Ni har na baro Tibiri ban iya buɗe baki ba.