Lagwanin da Na Sa wa Ƙwan Baba

Shekarar da aka jawo wutar lantarki unguwarmu a Haɗeja, kowa murna yake yi ban da mahaifina. Masunci ne, tsufa ya raba shi da kogi, ya koma ɗinkin taru a zaure bayan sallar magariba. Ƙwan lantarki ɗaya muka rataya masa, shi kuwa sai harararsa yake yi. Hasken ya yi masa yawa, ga ƙwarin fadama sun mayar da zauren kasuwa.

"Fitilar da ba ta da lagwani," in ji shi, "ta yaya za a ce mata ya isa haka?"

A lokacin ina aikin haɗa wuta a Kano. Kuɗin fetur sun shigo, manya suna gina gidaje har da wani makunni da ake murɗawa a rage haske. Ragowar guda maigidana na wurin aiki ya ba ni, na taho da shi ina ji da kaina. Baba bai yarda na ɗaura ba sai da na faɗa masa abin da ke ciki.

"Baba, wutar nan kai da komo take yi a cikin waya, da saurin da ido ba ya kamawa. Duk zuwan da za ta yi, abin nan yana tare ta ɗan lokaci, sannan ya sake ta. In kun murɗa hagu tarewar ta daɗe, zaren da ke cikin ƙwan ba zai yi zafi sosai ba, sai haske ya ragu."

"Ashe ban ruwa ne," ya ce. "A toshe, a buɗe. Shi ne kake ta doguwar magana?"

Ya murɗa hagu, zauren ya yi ja-ja, ƙwan ya fara wani siririn kuka kamar sauro. Na ce masa sakin wutar farat ɗaya ne ke girgiza zaren, in an ƙure dama ba abin da ake tarewa, kukan zai ɗauke. Ya gwada, ya ji shiru, ya yi dariya. Daga ranar duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa lagwanin ɗansa, a yi masa bayanin ban ruwa, ko yana so ko ba ya so.

Bayan 'yan shekaru Inna, mahaifiyata, ta aiko in zo. A ƙofar gida ta tare ni, ta ce Baba kullum cikin faɗa yake, wai jikoki suna rage masa haske, yanzu kuma ya ce abin nawa ne ya lalace.

Na same shi da taru a cinya, yana laluben ɓular tarun da ke gabansa ƙuru-ƙuru. Zauren fes yake da haske, har ina ganin farar yanar da ta hau idanunsa.

"Kai ɗan nan, lagwaninka ya toshe. Buɗe min."

Na taɓa makunnin, na ji yana ƙure a dama. Na ciro sukudireba na tsaya riƙe da ita kamar sakarai, ban san abin da zan kwance ba.

"Ku yi mini shiru," ya ce.

Ya miƙe, ya bi bango da tafin hannu har ya kai ga makunnin. Ya murɗa hagu, ya karkata kunne, ƙwan ya yi kukansa. Ya dawo da shi dama a hankali har ƙarshe, kukan ya ɗauke. Ya daɗe a tsaye yana saurare. A ranar na yi da-na-sanin iya bayani, don da bai san ma'anar shirun nan ba, da ya ƙara samun ko wata guda yana zagin makunnina da zuciya ɗaya.

"A buɗe yake duka," ya ce, ba tambaya yake yi ba.

"E, Baba."

Ya koma kan tabarma, ya naɗe tarun, ya ce gobe a mayar wa mai shi, a ba shi haƙuri. Sannan ya ɗaga kai wajen da ƙwan yake.

"Rage shi. Ƙwari za su dami uwarka."