Mai Tulun Masar da Shagon Mama Asabe

Tun da kun ce in faɗi wani abu kafin in miƙa makullin tanka, to ku gyara zama. A duk shekarun da na yi ina jan tankar ruwa a kamfanin nan, rana ɗaya ce har gobe ba ta fita a raina ba, ranar da muka ja janareta a kan yashi a Gonin Gora. Da yawanku lokacin ba ku ma san hanyar yadin nan ba.

Watan Maris ne, bazara ta kankama. An ba mu aikin faɗaɗa wani asibitin haihuwa mai zaman kansa, can bayan titin Abuja. Aka sayo musu sabon janareta saboda ɗakin tiyata, ƙato, ya haura tan goma, yana zaune kan gindinsa na ƙarfe mai kama da layin dogo. Ga wanda bai san tsarin ba, tirela ce ke kawo irin wannan kaya, kiren, wato injin ɗaga kaya, ya ɗauka ya ɗora a kan dandamalin kankaren da aka zuba masa, shi ke nan. To manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta saman farfajiyar, mai kiren ya ce ko yanka shi za a yi ba zai ɗaga hannun injinsa a ƙarƙashinsu ba. Ya dire kayan a bakin ƙofa ya ja gefe. Dandamalin yana can ƙuryar fili, tsakaninsu ya kai rabin filin ƙwallo, kuma duk yashin kogi ne da muka cike wurin da shi, busasshe, ƙafa ma nutsewa take.

Hanya ɗaya ta rage. A mayar da kayan kan tirela, a zaga ta lungun baya, kiren ya miƙo shi ta saman katanga. Amma daidai inda kiren zai tsaya, nan shagon Mama Asabe yake. Ɗaki ɗaya ne na bulo da rumfa, a nan take sayar da tuwo da shinkafa, a nan duk muke ci, da shi take riƙe jikokinta. Mai filin na da ne ya ce ta zauna, da baki, ba takarda. Manajan aikin, Alhaji Nuhu, ba mugun mutum ba ne, amma likitan asibitin ya matsa masa, tsohon janaretan yana tari kamar mai tibi. Ya ce a kira katafila a rushe, a ba ta abin sallama.

Mama Asabe ta fito da ludayi a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Alhaji, in kun rushe, ina zan kai tukwanen?” Wallahi da ta zage mu ne da ya fi mini sauƙi.

Injiniyanmu a lokacin shi ne Injiniya Habila, mutumin Kagoro, wanda ya yi karatu a Alƙahira. Ɗan Masar muke ce masa, domin ko maganar tsadar gari aka ɗauko sai ya kai ta Masar. Kullum muna musu da shi a rumfar Mama Asabe. Shi ya ce mutane ne suka gina dalolin dutsen nan na Fir'auna da lissafi da igiya, suka daidaita su da gabas da yamma ba tare da na'ura ba. Ni kuwa in ce masa, “Injiniya, ka bar wahalar da bakinka. Dutsen da ya fi tankata nauyi, a ɗora shi a sama ba kiren? Aikin aljanu ne.” Sai ya yi dariya ya ce, “Malam Garba, duk abin da aka manta yadda ake yi, aljani ake ba wa.”

Shi ne ya roƙi Alhaji ya ba shi zuwa la'asar. Alhaji ya ce ya ba shi, amma katafila tana hanya.

Muka fara da abin da muka sani. Aka kafa cen-bulok, wato injin sarƙa da ake ja da hannu, aka ɗaure shi a jikin dandamalin, leburori kuma suka kama igiya. Aka sa bututun ƙarfe a ƙarƙashi don kayan ya gangara a kai, bututun suka nutse. Katakon shimfiɗa babu, duk yana jikin kankaren da bai bushe ba. Aka ja haka nan. Ya ɗan motsa, sai yashi ya taru a goshinsa ya zama tudu, ya kafe. A kwashe, a ja, ya sake taruwa. Hantsi ya yi ba mu ci tsawon mota ɗaya ba.

Sai Injiniya ya kira ni ya nuna mini hoto a wayarsa. Zane ne daga bangon wani tsohon kabari a Masar. Ga wani ƙaton gunki a ɗaure kan katako mara ƙafa, ga mutane jere-jere suna ja da igiya, ga kuma mutum ɗaya a tsaye a goshin katakon yana zuba ruwa a ƙasa.

Ya ce, “Masana sun daɗe suna ɗauka tsafi yake yi. Daga baya wasu suka gwada, suka ga jiƙaƙƙen yashi ba ya taruwa a gaban kaya. Kawo tankarka.”

Na ce, “Ruwa nawa?”

Ya ce, “Jiƙa shi sosai.”

To ni ɗan umarni ne. Na buɗe famfo gaba ɗaya. Aka ja, kayan ya zo da sauri har yara suka fara shewa, sai goshinsa ya nutse cikin caɓi, ya karkace. Alhaji Nuhu ya dubi Injiniya ya ce, “Wannan ne ilimin Fir'aunan?” Daidai lokacin muka ji ƙarar katafila a lungun baya. Na hango Mama Asabe ta fara fito da kwanuka tana jerawa a ƙasa, ba wanda ya sa ta.

Abin da ya sa nake ganin girman Injiniya Habila har yau shi ne abin da ya yi a nan. Bai ɗora mini laifi ba, alhali ni na buɗe famfon. Ya ce, “Alhaji, ni na yi kuskure. Zanen ya nuna ruwa, bai faɗi adadi ba. Sun bar mana hoto, sun tafi da ma'aunin. La'asar dai ba ta yi ba.” Ya sa wasu suka ɗaga goshin kayan da jak, suna kwashe caɓin suna cikewa da busasshen yashi. Mu kuma ya ja mu gefe, ya sa aka loda bulo a kan wani tsohon ƙyauren ƙarfe, aka ɗaura masa igiya. Ya shata layi uku a yashi. Ɗaya busasshe, ɗaya na jiƙa shi sharkaf, ɗaya yayyafi kawai. Mutum huɗu suka ja a na farko da nishi. A na biyu ƙafafunsu ma suka zame. A na uku mutum biyu suka ja shi suna hira.

Ya durƙusa ya damƙi yashin layi na uku, ya buɗe hannu. Ya dunƙule kamar fura, bai wargaje ba, bai kuma ɗiga ba. Ya ce in damƙa. Na damƙa. Ya ce, “Ka riƙe wannan a hannunka.” Ya sake ƙara girman hoton, muka haɗa kai muna kallo. Na ce, “Injiniya, ai tulu ne a hannun mutumin nan, ba tanka ba.” Ya ce, “Shekara nawa ina kallon tulun nan, sai yau na gan shi.”

Na cire babban tiyo, na sa ƙarami, na toshe bakinsa da babban yatsa. Na yayyafa hanyar tun daga goshin kayan har dandamali, don in huta. Kafin a gama gyara sarƙa, ranar Maris ta shanye rabinsa. Nan muka gane dalilin da ya sa mutumin bai yi gaba da tulunsa ba. Dole ruwan ya sauka daidai inda kaya zai taka, a daidai lokacin da zai taka. In kuma ka tsaya a ƙasa, kana tsakanin sarƙa da tan goma, ranar da ta tsinke sai dai a tattara ka. Wuri ɗaya ne ya dace, a kan goshin kayan. Inda mai tulun ya tsaya ke nan a zanen.

Na yi bismilla na hau. Foman ya ɗauko waƙar ja, leburori suka amsa, na saki ruwa. Abin nan ya taso sumul. Ba gudu yake ba, amma bai tsaya ba. Inda yashi ya yi fari in ƙara, inda ya fara ƙyalli in ɗauke yatsa zuwa gefe. Lokaci-lokaci Injiniya ya sunkuya ya damƙa ya ɗaga mini hannu. Da muka wuce rabi, na ga Alhaji Nuhu ya naɗe babbar riga ya kama igiya. Direban katafila ma ya kashe injinsa ya zagayo kallo, daga ƙarshe shi ma ya kama.

Ana kiran la'asar a masallacin bakin titi goshin janareta ya taɓa kankare. Sauran aikin jak ne, wannan kowa ya iya. Alhaji ya share gumi ya ce wa mai katafila ya koma inda ya fito. Mama Asabe ta sunkuya tana mayar da kwanukanta ciki ɗaya bayan ɗaya. Da muka zauna cin abinci, na tarar da nama a ƙasan tuwona wanda ban saya ba.

Injiniya ya ce, “Malam Garba, ina aljanun?”

Na ce, “Guda ɗaya na gani a hoton, shi ma ɗan'uwana ne mai ruwa.”

Tun daga ranar ban sake musu da shi ba. Na yi ta tunanin mutanen nan. Ba su da dizal, ba su da kiren, amma sun san ƙasa, sun san ruwa, sun san inda mutum zai tsaya kada ya mutu. Injiniya ya ce akwai abubuwa da yawa a gine-ginen nan da har yau masana hasashe kawai suke yi a kansu. Ni dai yanzu na san yadda irin wannan ilimi ke ɓacewa. Ba wuta ke cinye shi ba. Mai shi yana ganin abin bai kai a rubuta ba don sauƙinsa, na kusa da shi yana ganin ya fi ƙarfin ya tambaya, sai a wayi gari an binne shi da mai shi. A aikinmu ana zana injiniya, ana zana gini, mai ruwa kuwa in an gan shi a hoto sai a ce tsafi yake yi.

Injiniya Habila ya koma gida Kagoro, ƙafa ta hana shi yawo. Shagon Mama Asabe yana nan, jikarta ce ke tuƙa tuwon yanzu, in kun bi ta Gonin Gora ku tsaya. Na san wasunku suna da hoton nan a waya, ni na tura muku. Amma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayata ruwa nawa ake zubawa. Ko kun tambaya ba ni da lamba, a tafin hannuna yake. Makullin nan sai gobe da azahar zan miƙa shi, kuma akwai tulin yashi a bayan sito. Duk mai so ya same ni can da safe, ya zo da hannunsa.