Sunan Gwaggo Eun-mui

Gwaggona, Byeon Eun-mui, busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Mokpo tun tana budurwa. An haife ta bayan tafiyar Japanawa 'yan mulkin mallaka, kuma kakana, wanda aka taɓa tilasta wa ɗaukar sunan Japan, shi ya zauna ya ƙera mata suna da haruffanmu zalla. Gaɓar ƙarshe, mui, ba kowa ke amfani da ita ba. Abin da ya so ke nan.

Da na dawo daga karatu a Kanada, na tarar kwamfuta ta shiga asibitoci, kuma ba ta san Gwaggo ba. Rubutunmu gaɓa-gaɓa yake tafiya, kuma a lokacin gaɓoɓi dubu biyu da 'yan kai kawai aka zuba wa na'urorin, kowace da lambarta. Tata ba ta samu lamba ba. Katinta na asibiti sai ya fito da Eun da alamar tambaya. Matan layin kifi suka laƙaba mata Uwar Tambaya, ita ma tana dariya.

Na yi mata bayanin lambobin. Ta ce, "To malam mai ilimi, ɗan shekara biyar yana rubuta ta da alli. Injin naku bai kai shi ba?"

Ma'aikatan asibiti suka gaji, suka riƙa buga Eun-mi. Akwai wata Byeon Eun-mi mai ciwon suga, Gwaggo kuwa hawan jini ke damunta. Ran nan aka ba ta maganin waccan, ta yanke jiki ta faɗi a kan tiren kifi.

Da ta farfaɗo, 'ya'yanta suka matsa ta je kotu ta sauya sunan. Ni ma na goyi bayansu. Ta yi wata guda ba ta kula mu, sannan ta je.

A bikin girbi muka hau tudu ziyarar kabarin kakana. Al'adarta ce ta zuba masa giyar shinkafa ta ce Eun-mui ta zo. Wannan karon ta zuba, ta durƙusa, ta tashi ba ta ambaci suna ba.

Bayan shekaru aka ba kowace gaɓa lambarta. Na buga sunan a waya na kai mata rumfa, na ce ana iya komawa kotu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sau biyu ke nan ana karɓe suna a gidanmu," in ji ta. "Na biyun da ƙafata na kai musu. Riƙe wayarka, ɗan nan."

Ta juya ta ci gaba da jera kifi.