Dung da Malam Sale a Ramin Kuza

A shekarar da aka haifi ƙanwata ne Kaka ta zo mana Manchester. Mahaifiyar Abba ce. Daga Jos aka ɗauko ta domin ta kula da Umma a jego, tunda mahaifiyar Umma ta daɗe da rasuwa, Abba kuma yana tsakiyar digirinsa na uku a uni, wato jami'a, ba shi da lokacin kansa. Muna zaune a Levenshulme, a ɗaya daga cikin jerin gidajen nan na jan bulo da suke manne da juna, a wani layi da ya ɓalle daga Stockport Road. Ina da shekara goma, ƙanena Sadiq yana biye da ni. Hausarmu kuwa sai a hankali. Muna ji sarai, amma in muka buɗe baki za mu amsa, sai Turancin 'yan Manchester ya riga ta fita.

Kaka ba ta ji daɗin garin ba. Ta iso a farkon sanyi, lokacin da duhu yake rufawa tun yara ba su gama dawowa daga makaranta ba, ga yayyafin da ba ya ɗaukewa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin garin da bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci amma ba ka san ya kwana lafiya ba. Ba ta leƙa ko ƙofar gida. Wurin zamanta ɗaya ne, gaban wutar gas da ke jikin bangon falo, wadda ta raɗa wa suna murhun da ba ya toka. In an ci tuwo an wanke hannu, sai ta miƙe ƙafafu a kan kafet, ta ja mayafi ta rufe kafaɗu, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe mata ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

A tatsuniyoyin nan nata muka san kura da wautarta, da yarinyar da ta ƙi jin maganar uwa ta haɗu da dodo a bakin rafi. Sadiq ba ya barin ta ta kai ƙarshe. "Kaka, what's dodo?" Sai ta harare shi ta ce, "Maigida, in ka ƙara yi mini wannan yaren naka na hanci, wallahi yaji zan yi in koma Jos." Mu yi ta dariya har Umma ta leƙo ta ce za mu tashi jaririya.

Wata Lahadi da rana, Abba yana laburare, Umma ta samu barci, sai aka sa wani tsohon fim a talabijin, irin na da can mara launi. Na ɗauki rimot zan canza, Kaka ta ɗaga mini hannu. Labarin wani gida ne a ƙasar Wales, uba da 'ya'yansa maza duk aikinsu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. Ta ce in matso in riƙa gaya mata abin da suke cewa. Na fara kame-kame. "Suna tona... coal, Kaka. Baƙin dutse ne mai kama wuta."

"Kwal," in ji ta. "Na san shi. Ci gaba."

Na yi iya ƙoƙarina, rabi Hausa rabi Turanci. Aka nuna mazan suna dawowa da yamma, fuskoki baƙi ƙirin, matan suna tsaye a bakin ƙofofi. Na ga ta gyara zama. Can gaba sai aka busa wani ƙaho mai tsawo a wajen ramin, alamar an yi haɗari, mutanen garin suka fito a guje, mata ba ko ɗankwali. Na juyo zan fassara mata, ta dafa gwiwata.

"Bari, Mairo. Wannan na ji shi."

Hawaye ne yake zuba a fuskarta, ba ta ko share ba. Ban taɓa ganin babba yana kuka haka ba, shiru, ido a buɗe. Na rasa yadda zan yi, sai na zauna jikinta har fim ɗin ya ƙare.

Da yammar ranar muka taru gaban wuta kamar kullum, amma ba ta ce mu buɗe wa kowa ƙofa ba. Ta ce, "Yau ba kura, ba dodo. Wannan da idona na gani." Daidai lokacin Abba ya shigo, rigar ruwansa tana ɗiga. Ya ji abin da ta ce, sai ya tsaya a bakin ƙofar falo bai ko cire takalmi ba.

Ta ce mahaifinta, Malam Sale, lebura ne a haƙar kuza, a wani bariki kusa da Bukuru. Daga ƙauyensu na ƙasar Kano ya taho neman abinci, ya tarar da mutane daga ko'ina, kowa da yarensa, Hausa ce take haɗa su. Ramin ba irin na fim ɗin ba ne, buɗaɗɗe ne, mai faɗi da zurfi. Maza suna sara da diga a ƙasa, wasu suna hawowa da jar ƙasa a kwanon sarki bisa kai. Abokin aikinsa wani Birom ne mai suna Dung, dogo, ba ya da yawan magana. Gidansu Dung yana kan tudu, Malam Sale kuma yana bariki. Ba sa cin kowane abu tare, ba sa ibada tare, amma in azumi ya zo, Dung ne yake karɓar digar Malam Sale in rana ta take, ya ce, "Je ka inuwa, Malam, kada ka mutu mini a nan."

"Ina kamar ke, Mairo," in ji Kaka, "damina ta yi nauyi a shekarar. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai muka ji an buga ƙarfen da ake bugawa in an tashi aiki. Ga shi ko azahar ba a yi ba. Innata ta saki muciya a tukunya. Ba wanda ya ce mana komai, amma duk matan bariki suka fito a guje. Kamar dai waɗancan matan na yau. Gudun iri ɗaya ne."

Gefen ramin ne ya zabtaro. Yawancin mutane sun tsira, amma ƙasa ta binne Malam Sale har ƙirji, ga ruwan laka yana gangarowa yana taruwa a inda yake. Heluma, wato shugaban leburori, ya hana kowa sauka, ya ce sauran gefen yana motsi. Dung bai tsaya sauraronsa ba. Ya zame ya sauka, ya durƙusa a cikin laka, ya tallafi haɓar Malam Sale ya ɗaga kansa sama da ruwa, yana ihu a kawo shebur. Da suka ga haka, sauran maza suka bi shi. Wasu da shebur, wasu da kwano, wasu da hannu.

"Ina daga sama ina kallo," ta ce. "Ruwa ya kai wa Baba leɓe. Dung yana ce masa, 'Malam, yi ta karatunka, ni na riƙe kan.' Har aka zaro shi. Ƙafarsa ta dama ta karye, aka ɗaura masa igiya aka jawo shi sama. Maza suka hau ɗaya bayan ɗaya. Dung ne na ƙarshe, domin ƙafafunsa sun nutse tun yana durƙushe. Ya zaro ɗaya. Yana kan zaro ta biyun ƙasa ta sake sakowa."

Sadiq, wanda bai katse ta ko sau ɗaya ba, ya ce a hankali, da Hausa, "Ya fito?"

"Bai fito ba, Maigida. Sai washegari aka same shi."

Dung ya bar mata da yara ƙanana, babbarsu yarinya ce sa'ar Kaka, sunanta Chundung. Malam Sale bai ƙara shiga rami ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, yana ɗinkin hula da koyar da yara karatu a bariki. Kaka ta ce tun daga ranar da ya iya takawa, ba a taɓa auna hatsi a gidansu ba sai an raba biyu. Ita ce take ɗaukar ƙwaryar a kai, shi yana ɗingishi a bayanta, su hau tudu. A haka ita da Chundung suka girma kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Sai a lokacin Abba ya yi magana. Muryarsa ta canza. "Hajiya, Goggo Chundung? Ni fa tun ina yaro na ɗauka 'yar'uwarki ce ta jini. Ban taɓa jin wannan ba."

Ba ta kalle shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Wutar ta kalla ta ce, "Ai 'yar'uwata ce. Labarin ne bakina ya kasa ɗauka duk shekarun nan. Yau da na ga waɗannan bayin Allah sun riga ni faɗa, sai na ji ya yi sauƙi. Ashe su ma sun san wannan gudun."

Abba ya aro mata kaset ɗin fim ɗin daga laburaren council, wato na ƙaramar hukuma, ta kalle shi ya fi a ƙirga. Ba ta ƙara neman fassara ba. Ta raɗa wa mutanen ciki sunayen mutanen barikinsu, tana yi musu faɗa, tana yi musu addu'a. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta fara fita. Takan sa rigar sanyin Umma a kan zane, ta riƙe hannuna mu taka zuwa shagunan Stockport Road. In ta ga tsoho Bature yana tafiya yana tari, sai ta ce masa "Sannu," ta ce da ni, "Wa ya sani ko ɗan rami ne." Da sanyi ya wuce ta koma Jos. Ban ƙara zama da ita irin wannan zaman ba har Allah ya karɓi abarsa ina shekarar farko a uni. Allah ya jiƙanta.

Yanzu ina Birmingham, ina aikin likita, wato GP, muna zaune a wani flat a Ladywood da maigidana da yaranmu biyu. Bara Abba, wanda ya daɗe da komawa gida, ya kira ni. Ya ce jikar Goggo Chundung, Kaneng, ta samu scholarship, wato tallafin karatu, za ta zo. Bai tambaye ni ko muna da wuri ba. Cewa ya yi, "Ki je ki ɗauko ta. A wajenki za ta zauna har ta samu ɗaki." Na ce to, Abba.

Yarinya ce mai kunya, Hausarta ta Jos mai zaƙi, irin ta Kaka. Da yammar da ta iso, bayan ta ci abinci ta huta, na ga duk ta takura tana ta godiya, tana cewa ta ɗora mana nauyi. Na ce, "Haba Kaneng. Ai ba don mahaifin kakarki Dung ba, da ba wannan labarin ake ba. Mu ne za mu gode muku." Na ba ta labarin yadda na ji shi, da laka, da igiya, da hannun da ya tallafi haɓa.

Ta saurara har na gama, tana kallona kamar mai jin sabon abu. Sannan ta ce, "Anti, mu fa ba haka ake ba mu shi ba. Shigar Baba Dung rami, kakata a magana ɗaya take wuce ta. Takan ce ya ga mutum zai mutu, ya shiga, kamar yadda kowa zai shiga. Labarin da take zaunar da mu ta ba mu na Malam Sale ne. Gurgu ne, amma ko ana ruwa sai ya hau tudun nan da hatsi. Da aka zo za a ɗauki ƙannenta aikin ɗaukar ƙasa, shi ya zauna a ƙofar gidan da sandarsa ya ce ba inda za su, makaranta za su shiga. Takan ce Baba Dung yini ɗaya ya yi, Malam Sale kuwa har ya mutu yana yi. Da zan taho, mamata ta ce in riƙe a raina cewa gidan masu alheri a kanmu zan je."

Muka kalli juna. Ban san wadda ta fara dariya ba, ban kuma san wadda ta fara kuka ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da Kaka ta so mu koya shi ne jarumta, wato in ka ga ɗan'uwanka cikin halaka ka sauka. Haka ne, amma da sauransa. Gida biyu sun yi shekaru masu yawa suna ba 'ya'yansu labari ɗaya, kuma ba gidan da ya ajiye nasa alherin. Kowanne ya manta abin da ya yi, ya riƙe abin da aka yi masa, ya miƙa wa jikoki. Na gode wa Allah da ya sa na fito daga irin waɗannan mutane, ta ɓangarorin biyu.

Kaneng ta samu ɗaki kusa da makarantarsu tun tuni. Duk ranar Asabar tana zuwa, kuma yarana Goggo suke ce mata. Kwanaki ƙaramin ya tambaye ni ko ƙanwata ce. Na ce masa eh.